Eric Kennington: Mai zanen da gwamnati ta ɓoye hoton da ya yi wa babban hafsan sojojin ruwa

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatar sojojin ruwan Birtaniya ta karɓi wani hoton zane da aka yi wa babban hafsanta, Admiral Dudley Pound. Ma'aikatar ta yaba wa mai zanen bisa ƙwarewarsa, sannan ta hana a nuna hoton ga jama'a. Dalili kuwa shi ne duk wanda ya dubi takardar zai ga fuskar mutumin da ba shi da lafiya, alhali a hannunsa ragamar rundunar ruwa mafi girma a duniyar wancan lokaci take. Ba a yarda an baje hoton ba sai bayan mutuwar Pound a watan Oktoban 1943.

Wanda ya yi zanen shi ne Eric Henri Kennington, Baturen Ingila da gwamnatin ƙasarsa ta ɗauka aikin zanen yaƙi har sau biyu, a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Kennington ba ɗan tawaye ba ne. Mai kishin ƙasarsa ne, ya kuma yarda da zuciya ɗaya cewa aikinsa shi ne ƙarfafa wa mutane gwiwa a lokacin yaƙi. Duk da haka, a lokuta daban-daban na rayuwarsa, abin da hannunsa ya zana ya zo ya saɓa da abin da masu biyansa suke so a gani. Tarihinsa tarihi ne na ma'aikacin da aka ɗauka don ya ƙawata hukuma, amma idonsa ya ƙi tsallake abin da ke gabansa.

Asali da tasowa

An haifi Kennington a ranar 12 ga Maris, 1888, a unguwar Chelsea da ke birnin Landan. Zane gado ne a gidansu. Mahaifinsa, Thomas Benjamin Kennington, sanannen mai zane ne da ya yi suna wajen zana marayu da iyalan da talauci ya yi wa katutu a titunan Landan. Yaron ya yi karatu a makarantar St Paul, daga nan ya wuce makarantar koyon zane ta Lambeth. Yana ɗan shekara 20, a 1908, aka fara baje aikinsa a Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Birtaniya.

Kamar mahaifinsa, shi ma talakawa ya fara zanawa. Kafin yaƙi an fi saninsa da hotunan masu talla da 'yan tireda na gefen titi, waɗanda yakan zana da irin natsuwa da girmamawar da aka saba ware wa masu mulki da attajirai. Wannan ɗabi'a ta duban ƙaramin mutum da idon daraja ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Soja kafin ya zama mai zanen soja

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, Kennington bai jira an kira shi ba. Cikin kwanakin farko ya shiga bataliya ta 13 ta rundunar Landan, wadda ake kira 'yan Kensington, a matsayin ƙaramin soja marar igiya. Kafin shekarar ta ƙare yana cikin ramukan yaƙi a arewacin Faransa, a tsakiyar hunturu mai tsananin sanyi. A watan Janairun 1915 harsashi ya same shi a ƙafa yayin da yake ƙoƙarin gyara wa wani abokinsa bindigar da ta cije. Ya rasa yatsan ƙafa ɗaya, aka sallame shi daga soja a watan Yunin wannan shekara.

A lokacin jinya ne ya yi aikin da ya fara fito da sunansa, wato The Kensingtons at Laventie. Hoton yana nuna 'yan ƙungiyarsa a wani titin ƙauyen Laventie da yaƙi ya rusa, ƙanƙara ta rufe ƙasa, bayan sun kwashe kwana huɗu a rami kusan babu barci. Babu mai harbi a cikin hoton, babu mai ɗaga tuta. Kowa ya yi tsaye yana kallon wani gefe dabam, ɗaya daga cikinsu ma ya zube ƙasa don gajiya. Shi kansa Kennington yana can baya, ya rufe kansa da hular sanyi. Ya yi zanen ne a bayan gilashi, aikin da ke tilasta wa mai zane ya fara da abin da zai fito a gaba, ya ƙare da abin da ke baya, komai kuma a juye.

Da aka baje hoton a Landan a 1916, jama'a sun yi tururuwa zuwa kallonsa. Mutanen da suka saba ganin hotunan dawakai da takubba sun ga 'ya'yansu yadda suke a fagen daga, a gajiye, cikin tsumma da laka, amma ba a wulaƙance ba. Yau hoton yana gidan adana kayan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan.

Yadda gwamnati ta fara ɗaukar masu zane

A wannan shekara ta 1916 ne gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar masu zane aiki a hukumance. Ofishin farfagandar yaƙi da ke Wellington House, ƙarƙashin Charles Masterman, ya lura cewa yana buƙatar hotuna don littattafai da mujallun da yake rarrabawa a ƙasashen waje. Mutum na farko da aka naɗa shi ne Muirhead Bone, ɗan Scotland, wanda ya isa Faransa a watan Agusta ana tsakiyar gumurzun Somme. Bayansa aka ɗauki surukinsa, Francis Dodd, aka ba shi aikin zana fuskokin manyan janar-janar da manyan hafsoshin ruwa. An buga hotunan Dodd na hafsoshin ruwa, ciki har da na Admiral John Jellicoe da Admiral David Beatty, a littafi mai suna Admirals of the British Navy, kowane hoto da taƙaitaccen tarihin mai shi.

Manufar irin waɗannan hotuna a bayyane take. Yawancin jama'a ba za su taɓa haɗuwa da mutanen da ke ba da umarnin da zai kai 'ya'yansu ga mutuwa ko ga nasara ba. Hoton shi ne wakilin shugaban a wurinsu. Idan fuskar ta nuna natsuwa da ƙarfin hali, mai kallo zai kwana da yaƙinin cewa ragama tana hannun da ya dace.

An naɗa Kennington cikin masu zanen gwamnati a 1917, shi kuwa sai ya karkata ga ƙananan sojoji. Ya yi fiye da wata bakwai a Faransa yana zana su a sansani da asibitocin wucin gadi, ya dawo da zane kusan 170. A tsakiyar 1918 aka baje su a Landan. Daga cikin ayyukansa na wannan lokaci akwai Gassed and Wounded, hoton sojojin da iskar guba ta taɓa, suna kwance a jere a wurin jinya, an naɗe musu idanu da bandeji.

Karonsa na farko da hukuma a kan abin da ya zana ya zo ne bayan yaƙin. Asusun tunawa da sojojin Kanada ya ba shi aikin zana wata bataliyarsu tana maci a filin da yaƙi ya mayar kufai. Kennington ya zana wasu daga cikin sojojin da fararen fuskoki, alamar waɗanda suka riga suka mutu amma suke tafe tare da masu rai, ya kuma sa wa hoton suna The Victims, wato waɗanda yaƙi ya ci. Sunan bai yi wa manya daɗi ba, aka sauya shi zuwa The Conquerors, wato masu nasara. Sunan kaɗai aka iya sauyawa. Fararen fuskokin suna nan a jikin hoton, wanda ke ajiye a gidan tarihin yaƙi na Kanada da ke Ottawa.

Ƙasashen Larabawa da aikin sassaƙa

A 1920 Kennington ya haɗu da T. E. Lawrence, hafsan Birtaniya da ya yi suna saboda rawar da ya taka a boren da Larabawa suka yi wa Daular Usmaniyya. Lawrence yana rubuta littafinsa Seven Pillars of Wisdom, yana kuma son hotunan mutanen da ya yi yaƙi tare da su. Kennington bai yarda ya zana su daga hotunan kyamara ba. A 1921 ya tashi ya zagaya Masar da Falasɗinu da Siriya da Labanon da Jodan, ya zauna gaba da gaba da su. Cikin waɗanda ya zana akwai Sarki Abdullah, wanda daga baya ya zama sarkin Jodan na farko, da Auda Abu Tayi, jarumin ƙabilar Huwaiɗat. Da alli mai launi ya yi waɗannan hotuna, kuma a nan ne hannunsa ya faɗa da wannan alli da zai yi amfani da shi wajen zana sojojin ruwa bayan shekara goma sha tara. Shi ne kuma ya kula da dukan hotunan da suka shiga bugun littafin na 1926.

A tsakanin yaƙe-yaƙen biyu ya fi mayar da hankali ga sassaƙar dutse. Shi ya sassaƙa mutum-mutumin sojoji uku na tunawa da runduna ta 24 a lambun Battersea da ke Landan, wanda aka buɗe a 1924, da sojoji uku na dandalin tunawa da mamatan Birtaniya a garin Soissons na Faransa a 1928, da mutum-mutumin marubuci Thomas Hardy a garin Dorchester a 1931. Da Lawrence ya mutu sakamakon haɗarin babur a watan Mayun 1935, Kennington yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Daga baya ya sassaƙa siffarsa a kwance, sanye da tufafin Larabawa, kansa a kan sirdin raƙumi, aka ajiye ta a cocin St Martin da ke garin Wareham a 1939.

Yaƙi na biyu da fuskokin sojojin ruwa

Tun a ƙarshen 1938 Kennington ya haƙiƙance cewa wani yaƙin yana tafe. Ya je ma'aikatar cikin gida da shawarar a kafa ƙungiyar masu zane da za su tsara yadda za a ɓad da kamannin manyan gine-gine don kada jiragen saman abokan gaba su gane su, ya kuma yi wannan aiki har zuwa ɓarkewar yaƙin a watan Satumban 1939.

A watan Nuwamban wannan shekara gwamnati ta kafa kwamitin ba da shawara kan masu zanen yaƙi a ƙarƙashin ma'aikatar yaɗa labarai. Shugabansa shi ne Kenneth Clark, daraktan National Gallery, babban gidan nunin zane na ƙasar. Kwamitin yana ɗaukar wasu masu zane a kan albashi, wasu a kan gajeren kwantiragi, wasu kuma ya sayi aikinsu bayan sun gama. Kafin a rufe shi a ƙarshen 1945 ya tara ayyuka fiye da 5,500 daga hannun masu zane sama da 400. Muirhead Bone, wanda ya buɗe wannan hanya a 1916, yana cikin 'yan kwamitin, shi ne kuma mai zanen ma'aikatar sojojin ruwa na dindindin. Da yake Bone ya fi ƙwarewa a zanen jiragen ruwa da tasoshi da gine-gine, ana buƙatar wanda zai zana mutanen. Kennington, mai shekara 51 a lokacin, ya karɓi gajeren kwantiragi na zana hafsoshin ruwa.

Alli mai launi ya dace da wannan aiki. Hafsan da ke bakin aiki ba shi da makonnin da zai riƙa zuwa yana zama gaban mai fenti. Alli ba ya buƙatar jiran bushewa, kayan aikinsa kuma ba su wuce abin da mutum zai riƙe a hannu ya shiga ofis ko jirgi ba. Kennington yakan cika takardar da kai da kafaɗun mutum, ya bar bayan hoton kusan babu komai, ya sa haske mai ƙarfi a gefe ɗaya na fuska har ƙasusuwanta su fito kamar an sassaƙa su. Hannun masassaƙin dutse ne ke riƙe da allin, kuma ana gane haka. A irin wannan zane babu tebur ko tuta ko taga mai kallon teku da za su ɗauke hankalin mai kallo, don haka duk abin da ke fuskar sai ya fito.

Watannin farko na yaƙin, sojojin ƙasa ba su yi wani babban karo ba, a teku ake ta fafatawa. A ranar 13 ga Disamba, 1939, jiragen yaƙin Birtaniya uku, Exeter da Ajax da Achilles, ƙarƙashin Kwamanda Henry Harwood, suka yi arangama da jirgin Jamus Admiral Graf Spee a kusa da bakin kogin Plate, a gaɓar Kudancin Amurka. Bindigogin jirgin Jamus sun fi nasu girma, Exeter ne kuma ya fi shan wuta. Mutum 61 suka mutu a cikinsa. Ɓaraguzan harsashi sun kashe kusan duk waɗanda ke ɗakin tuƙi, har sai da kyaftin ɗin, F. S. Bell, ya koma bayan jirgin yana ba da umarni ta bakin mutanen da aka jera suna miƙa wa juna saƙo. Graf Spee ya fake a tashar Montevideo ta ƙasar Uruguay, kuma a ranar 17 ga Disamba kyaftin ɗinsa, Hans Langsdorff, ya sa aka nutsar da shi.

Wannan ce nasarar farko da Birtaniya ta samu ta yi alfahari da ita a yaƙin. Da Exeter ya dawo tashar Plymouth a watan Fabrairun 1940, Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne ministan sojojin ruwa, ya je tarbarsa da kansa, aka kuma yi wa ma'aikatan jirgin faretin girmamawa a Landan. Kennington ya zana wasu daga cikin mutanen jirgin. Wanda ya fi shahara cikin hotunan ba na mai manyan igiyoyi ba ne, na wani ma'aikacin ɗakin inji ne, ɗaya daga cikin waɗanda ke can ƙasan jirgi suna kula da tukunyar tururi, waɗanda ba sa ganin abokin gaba, sai dai su ji jirgin yana girgiza idan an same shi. Bayan gumurzun Narvik a ƙasar Norway a ranar 10 ga Afrilu, 1940, inda aka rasa jirgin Hardy tare da kyaftin ɗinsa, Bernard Warburton-Lee, Kennington ya zana wani ƙaramin matuƙi da ya tsira daga jirgin.

A lokacin bazarar 1940 kwamitin ya buɗe nuninsa na farko a National Gallery, wanda aka riga aka kwashe tsofaffin hotunansa masu daraja zuwa yankin Wales don gudun bama-bamai. Hotunan sojojin ruwa na Kennington suna cikin waɗanda suka fi jan hankalin masu kallo. Hoton shugaban rundunar baki ɗaya kuwa bai shiga cikin abin da jama'a suka gani ba, a wannan nuni ko a waɗanda suka biyo bayansa, muddin yana raye.

Hoton Admiral Pound

Tsarin ma'aikatar sojojin ruwan Birtaniya ya raba shugabanci gida biyu. Akwai minista, ɗan siyasa da ke amsa tambaya a majalisa, akwai kuma babban hafsa, ƙwararren soja da ke tafiyar da rundunar kullum. Dudley Pound ya hau kujerar babban hafsa a watan Yunin 1939, yana gab da cika shekara 62. Gogaggen soja ne da ya jagoranci jirgin Colossus a gumurzun Jutland na 1916. Ya gaji Admiral Roger Backhouse, wanda ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya tilasta wa barin aiki, ya kuma kashe shi cikin makonni kaɗan. Ke nan ma'aikatar ba ta daɗe da rasa shugaba ɗaya saboda rashin lafiya ba, lokacin da aka kawo mata hoton magajinsa.

Pound yana fama da ciwon ƙugu mai tsanani da ke hana shi barci da daddare, har abokan aikinsa suka saba ganinsa yana gyangyaɗi a wurin taro. Ga kuma nauyin aikin da ba dare ba rana, da ubangida irin Churchill mai son sa hannu a komai. Na kusa da shi sun san halin da yake ciki, jama'ar gari ba su sani ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, Kennington kuwa fuskar aka sa shi ya zana, ya kuma zana ta yadda ya same ta.

Ma'aikatar ba ta ce hoton bai yi kama da mai shi ba. Da bai yi kama ba, da ba a sami dalilin ɓoye shi ba. Matakin da ta ɗauka ma yana da hujjarsa. A lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke nutsar da jiragen da ke kawo wa ƙasar abinci da mai, nuna wa jama'a da abokan gaba cewa shugaban rundunar ruwa ba shi da ƙoshin lafiya ba ƙaramin ganganci ba ne. Sai dai ɓoye hoto abu ne mai sauƙi, ba ya kuma warkar da wanda aka zana. Pound ya ci gaba da riƙe kujerar har fiye da shekara uku.

A cikin waɗannan shekaru ne ya yanke hukuncin da aka fi tunawa da shi. A ƙarshen Yunin 1942 wani ayarin jiragen dakon kaya mai lamba PQ 17 ya tashi daga Iceland zuwa arewacin Rasha ɗauke da kayan yaƙi. A ranar 4 ga Yuli, bisa fargabar cewa babban jirgin yaƙin Jamus Tirpitz ya fito, Pound ya ba da umarni daga Landan cewa jiragen rakiya su janye, ayarin kuma ya watse, kowane jirgi ya yi ta kansa. A lokacin Tirpitz bai ma baro maɓoyarsa ba. Jiragen sama da na ƙarƙashin teku na Jamus suka bi jiragen ɗaya bayan ɗaya, aka rasa 24 daga cikin 35. Masana tarihi sun sha bamban a kan ko rashin lafiyarsa ta yi tasiri a wannan hukunci. Wasu suna ganin kowane hafsa mai cikakkiyar lafiya zai iya yin irin wannan kuskure da bayanan sirrin da ke gabansa, suna kuma tunatar da cewa a zamanin Pound ne rundunar ta karya lagon jiragen ƙarƙashin teku na Jamus a tekun Atlantika a 1943.

A watan Yulin 1943 matarsa ta mutu. A watan Agusta, yayin da ya raka Churchill taron Quebec a Kanada, shanyewar jiki ta same shi. Ya ajiye aiki a watan Satumba, Admiral Andrew Cunningham ya gaje shi. Ya mutu a ranar 21 ga Oktoba, 1943, ranar da rundunar ke bikin tunawa da nasarar Trafalgar ta 1805. Abin da ya kashe shi shi ne ƙari a ƙwaƙwalwa, ciwon da ya kashe wanda ya gada. Daga nan ne aka ɗage takunkumin da aka sa wa hoton.

Duk wanda ya taɓa aiki kusa da babban jami'i ya san wannan tsaka mai wuya. Kare mutuncin ubangida wani ɓangare ne na aikin, amma akwai ranar da kare mutuncinsa da kare aikin da aka ɗora masa suke rabuwa, kuma babu wata takardar doka da ke faɗa wa ma'aikaci ranar ta zo. Kennington bai rubuta wa kowa rahoto ba, bai kuma yi wa kowa gargaɗi ba. Aikin da aka ba shi kawai ya yi ba tare da ya rage komai ba, sauran kuma ya rage ga waɗanda suka karɓa.

Bayan sojojin ruwa

A watan Mayun 1940, da Jamus ta mamaye Faransa aka fara fargabar za ta tsallako Ingila, Kennington ya ajiye kwantiraginsa ya koma ƙauyensu na Ipsden a yankin Oxford, ya jagoranci 'yan sa-kai masu tsaron gida. A watan Agusta kwamitin ya sake kiransa, wannan karon a kan albashi, don ya zana sojojin sama. Ya bi sansanoninsu yana zana matuƙa jiragen yaƙi, ciki har da Roderick Learoyd, wanda ya sami lambar jarumta mafi girma ta Victoria Cross, da Douglas Bader, matuƙin da ya koma fagen daga da ƙafafun roba biyu. An tattara 52 daga cikin hotunan a littafin Drawing the RAF a 1942. Wasu daga cikin samarin da ke ciki sun mutu kafin littafin ya fito, wasu jim kaɗan bayan fitowarsa, hotunan Kennington suka zama daga cikin abubuwa na ƙarshe da suka rage wa iyalansu.

Ba kowa ne ya yaba wa salonsa ba. Wasu masu sharhi sun ce yana cika mayar da kowane matuƙi gwarzo, kuma launukansa sun fi kama da na allon talla. Shi kuwa ƙorafinsa a kan kwamitin akasin haka ne. A watan Satumban 1942 ya sake yin murabus saboda yana ganin ba a amfani da hotunansa yadda ya kamata wajen zaburar da jama'a. Wannan ya nuna cewa mutumin da aka ɓoye wa hoto saboda ya bayyana raunin shugaba, shi ne kuma ke neman a ƙara yaɗa aikinsa don farfaganda. A wurinsa babu saɓani a tsakanin biyun. Ya ga jarumta a fuskar ma'aikacin ɗakin inji ya zana ta, ya ga ciwo a fuskar Admiral ya zana shi.

Bayan murabus ɗin ya ci gaba da zana sojojin tankokin yaƙi da 'yan sa-kai masu tsaron gida, aka buga su a littattafan Tanks and Tank Folk a 1943 da Britain's Home Guard a 1945. Ya kuma zana ma'aikatan sufurin Landan da suka nuna ƙarfin hali a lokacin ruwan bama-bamai, aka yi amfani da hotunan a allunan da aka manna a tasoshi.

Ƙarshen rayuwa

Da yaƙi ya ƙare ya koma ga dutse, yawanci yana sassaƙa wa coci-coci da wuraren tunawa da mamata. An zaɓe shi mataimakin mamba a Royal Academy a 1951, ya zama cikakken mamba a 1959, fiye da shekara hamsin bayan ranar da aka fara rataye aikinsa a can. Aikinsa na ƙarshe shi ne wani babban allon dutse na ginin James Watt a Jami'ar Glasgow, wanda bai kai ga kammalawa ba, sai mataimakinsa ne ya ƙarasa.

Eric Kennington ya mutu a garin Reading a ranar 13 ga Afrilu, 1960, yana da shekara 72, aka binne shi a harabar cocin ƙauyen Checkendon, kusa da gidansa. Ayyukan da kwamitin Clark ya tara an raba su ga gidajen tarihi bayan yaƙi, kaso mafi tsoka ya tafi Imperial War Museum, hotunan teku da dama kuma suka tafi gidan tarihin sufurin ruwa na ƙasa da ke Greenwich. Shi kuwa jirgin Exeter, wanda Kennington ya zana mutanensa suna cikin murnar nasara, an gyara shi an mayar da shi fagen daga, jiragen Japan suka nutsar da shi a tekun Java a ranar 1 ga Maris, 1942, aka kama mafi yawan waɗanda ke cikinsa a matsayin fursunonin yaƙi.